Ɗakin tafi-da-gidanka na masu gadin gona: a ƙera shi daidai da ƙasarmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da masu walda da kafintocinmu na karkara, musamman na Kura, Bunkure da Garun Malam inda ruwan Tiga ke raya noman rani, da kuma na Auyo da Haɗeja. Duk wanda ya ratsa Kadawa da asuba a watan Janairu ya ga yadda masu gadin tumatir da injin ban-ruwa ke kwana: bukkar kara, buhu a shimfiɗe a ƙasa, ga sauro, ga tsoron maciji. Haka fataken da ke kwana a gindin mota daren kasuwar Maigatari ko ta Wudil. Akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki mai taya biyu da ƙaramar mota ke ja, wanda zai raba su da wannan wahala, kuma babu abin da ke jikinsa da ya fi ƙarfin mai walda ɗaya da kafinta ɗaya.

A Amurka aka fara yin sa tun shekarun 1930, ya kuma yaɗu bayan yaƙin duniya na biyu da ya ƙare a 1945. Suna kiransa da sunan ɗigon hawaye saboda siffarsa: gaba a kumbure, baya ya zube siriri don iska ta zame a kansa. Girmansa na asali ƙafa 4 ne a faɗi, 8 a tsawo, 4 a tsaye, wato daidai falle ɗaya na filawud. Gaba wurin kwana, baya kuma murfi ne da ake ɗagawa a sami wurin ajiye tukunya da kwano. Abin da nake jan kunne a kai shi ne kada a kwafo zanen Turawa daga intanet ido rufe. Sun yi shi ne don kwalta da sanyi. Mu kuwa muna da burji, gara, ƙura, da zafin Afrilu da ke haura digiri 40.

A fara da shasi. Fayif mai kusurwa huɗu, inci 2 da 2, mai kaurin milimita 3, sanda uku sun isa har da rara, ana samunsa a Ƙofar Ruwa. A yanka firam ƙafa 4 da 8, da ƙarfe uku a gicciye a ciki. Kada a zuba walda gaba ɗaya. A ɗiɗɗiga tukuna, sannan a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Duk biyun su ba da inci 107 da ɗan ɗoriya. Idan sun saɓa, firam ya karkace, kuma filawud ba zai zauna ba sai an yi masa dole. Ƙarfen gaba da ke haɗa ɗakin da mota, mu ce wuyansa, ya zama inci 3 da 2, ya fito gaba kamar ƙafa 4, ya kuma shige ƙarƙashin firam har ƙarfen gicciye na biyu, da ƙarfe biyu suna tokare shi hagu da dama. Wuyan da aka liƙa a goshin firam kawai, a nan wurin waldar zai tsage, domin nan ne duk wata girgizar burji ke taruwa.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne gatari, ƙarfen da tayoyi ke kai. Hankali yakan ce a sa shi tsakiya, kamar na amalanke. Amalanke shanu ke ja a hankali. Wannan kuwa zai yi gudun kilomita 70 a bayan mota. A sa gatarin ƙafa 5 daga gaban ɗakin, ƙafa 3 daga baya, yadda kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin zai sauka a wuya. Idan ɗakin da kayansa kilo 400 ne, a ɗora bakin wuyan a sikelin awon hatsi a ga kilo 40 zuwa 60. Ƙasa da haka, da mota ta ɗauki gudu zai fara kaɗa wutsiya hagu da dama, kaɗawar tana ƙaruwa har ta fizgi bayan motar ta fitar da ita daga hanya. Ko an ƙera daidai, lodi na iya ɓata lissafin. Jarka biyu ta ruwa mai lita 25 kilo 50 ke nan. A ajiye su can ƙarshen baya, wuya ya yi sakayau. Ruwa da buhu su zauna a kan gatari ko gabansa kaɗan.

Ƙafar baya ta tsohuwar Golf ta dace da wannan aiki, domin guntun ƙarfen da boris ke zama a kai noti huɗu ke riƙe shi. Kada a kai masa wutar walda, zafi na kashe ƙarfinsa. A yi wa fayif mai kauri walda da falankin ƙarfe na milimita 10 a kowane baki, a huda, a ɗaura shi da notinsa na asali. Ribar hakan ita ce idan Golf ce ke ja, safaya ɗaya ta ishi mota da ɗaki. Kafin a kammala, a ja igiya daga bakin wuya zuwa tsakiyar kowace taya, awon biyu ya zo ɗaya. In ba haka ba ɗakin zai riƙa tafiya a karkace yana cinye taya. Sifirin kuma, na a-kori-kura ya yi tauri ga kilo 400. A zare ganyayen a bar biyu ko uku, don idan ya yi tauri duk ramin da aka faɗa katako ne zai sha, sukurori su yi ta kwancewa. A ɗora sifirin a saman gatari don cikin ɗakin ya ɗaga daga ƙasa, saboda kunya da kwalbatin gona.

Mahaɗar da mota ƙwallon ƙarfe ne na milimita 50, a kan ƙarfen da aka ɗaure da noti a shasin motar. Ina roƙon jama'a da Allah kada a ɗaura a bamba, kada a yi dabarar igiya ko rodi. A ƙara sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin wuya, don idan ya fice su tare shi kafin ya caki ƙasa. A Turai, irin wannan abin ja marar birki ba a yarda ya wuce kilo 750 ba, tsohuwar Golf kuwa da ƙyar ta haura tan ɗaya, don haka a tsaya ƙasa da kilo 500. A sa fitilun birki da na sigina da abin ƙyalli a baya, a kuma tuntuɓi ofishin rajistar motoci kafin a hau babban titi.

Aikin kafinta: filawud mai milimita 18 falle huɗu, ɗaya daɓe, biyu bango, ɗaya na shingen da ke raba wurin kwana da na girki. Daɓen a shafe ƙasansa da maganin gara, ya bushe, a bi da kwalta, a ɗaure shi a firam da noti goma masu faffaɗan washa. Baƙin man inji da wasu ke shafa wa katako bai dace a nan ba, mutum zai kwana yana shaƙarsa. Bangon biyu a haɗa su fuska da fuska a yanke lanƙwasar lokaci ɗaya, don su fito tagwaye. Tsakaninsu a jera katako tu-bai-tu duk bayan inci 10, a matso da su zuwa inci 6 inda lanƙwasa ta yi tsanani. Katakon ya zama busasshe. Ɗanye zai ja jiki da rani ya buɗe haɗin. A lura, faɗin ciki zai koma inci 46 da rabi, katifa mai ƙafa 4 ba za ta shiga ba. A nemi mai uku da rabi ko a yanka soso.

Rufin filawud ne siriri na milimita 3 ko 4, falle huɗu, shimfiɗa ɗaya ciki ɗaya waje. Filawud na da hanyar da yake yarda ya lanƙwasa. A raba kowane falle gida biyu, a juya yadda jijiyar katakon za ta tafi daga bango zuwa bango. Idan aka bi tsawonsa, tsakiyar aiki za a ji ƙas, ya karye. Tsakanin shimfiɗa biyun a cusa farin soson nan da ake naɗo firji da shi, shi ne zai tare zafin rana. Gam mai warin fetur yana narkar da shi, a yi amfani da farin gam. A saman, ko alminiyam shimfiɗaɗɗe da aka kama ta gefe kawai, domin yana miƙewa da rana kuma idan an manne shi zai yi tudu-tudu, ko kuma yadin kanfas da aka manna aka bi da fentin mai hawa huɗu. Kowanne aka zaɓa, fentin ya zama fari.

Ruwan Agusta ta wuri uku yake shiga: hinjin murfin baya, saman ƙofa, da ramin sukuru. A rufe hinjin da tsiri na robar tsohon tub, a sa ɗan indararo a saman ƙofa, a ɗiga silikon a kowane rami kafin a ɗaura. Bakin filawud kuwa yana shan ruwa kamar burodi, ya kumbura ya ɓare falle-falle, don haka kada a bar ko taƙi ɗaya babu fenti. Murfin baya ya sami robar ƙofar mota kewaye, domin a burji bayan ɗakin ne ke zuƙo ƙura.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Wurin kwanan nan bai kai kubik mita uku na iska ba, kuma idan kafinta ya iya aikinsa, ya toshe ko'ina. Mutum biyu su rufe ƙofa, kafin asuba iskar ta gurɓace. Dole a bar kafa biyu da ba su da murfi sam, ɗaya ƙasa kusa da daɓe, ɗaya sama, da ragar sauro da rumfar da za ta hana ruwa. Taga a kowane bango, su kalli juna. Mutanenmu sun saba shiga ɗaki da kaskon garwashi idan hunturu ya tsananta. A ɗakin ƙasa mai azara da tazarar ƙofa ma yana kisa, balle a wannan akwati. Gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, barci take ƙara wa mutum har ya wuce. Haka hayaƙin janareta da na injin ban-ruwa. A nisanta su, kuma kada iska ta kaɗo daga wajensu. Tukunyar gas ta zauna waje a kan wuya, tunda gas ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya inda mai barci yake. Girki a waje, murfin baya a ɗage.

Wuta ba ta da wuya: faifan sola mai wat 100, na'urar daidaita caji, batir mai bolt 12 a akwati a waje, da fiyus dab da kan batirin. Zai riƙe fanka ƙarama, ƙwan fitila biyu da cajin waya.

Ranar gwaji kada a sa kowa a ciki, yau ko gobe. Ba a ɗaukar mutum a cikinsa yana tafiya. A yi kilomita 10 a hankali, a tsaya a taɓa tsakiyar kowace taya. Ɗumi ba komai, amma idan hannu ya kasa zama, an matse notin boris da yawa ko giris ya yi kaɗan. A sake bin duk notin sifirin da na taya bayan tafiyar farko a burji. Idan an isa gona za a daɗe, a ɗora firam a kan duwatsu huɗu, a share ciyawa da kara daga ƙarƙashi, a riƙa leƙawa duk mako ko gara ta fara gina hanyarta ta jikin taya.

Wassalam.

Daga mai karatunku,
Ƙaramar Hukumar Kura, Jihar Kano