A Daina Ce Wa Mai Damuwa "Cire Abin a Ranka"

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina roƙon ɗan fili a shafinku na lafiya.

Ƙanwata ta yi wata bakwai tana jinyar ɗanta, kullum wayarta na ƙarƙashin matashin kai tana jiran kiran likita. Yaron ya warke, alhamdulillahi. Amma har yau in waya ta yi ƙara sai ta zabura, hannunta na rawa, tafinsa ya jiƙe da gumi, daren nan kuma babu barci. Kowa na ce mata, "Ai ya wuce, cire abin a ranki." Wallahi ta so ta cire, jikin ne ya ƙi.

Ga abin da ke faruwa a jikin mai irin wannan damuwa. Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa da sinadarai suke aika wa juna saƙo. Babban mai zuga su shi ne gulutamet, babban mai kwantar da su kuma GABA. A ƙasan ƙwaƙwalwa, cikin sashen haifotalamus, akwai ɗan gungun ƙwayoyi masu sakin wani homon (sinadarin da ke kai saƙo ta cikin jini) mai suna CRH, wanda masanin kimiyya Wylie Vale da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1981. Da tsoro ya zo, gulutamet ke buga musu ƙofa ta wasu mashigai a jikin ƙwayoyin da ake kira NMDA da AMPA. Sai CRH ya taɓa ƙullutun fituwitari da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi kuma ya saki wani homon mai suna ACTH cikin jini, ACTH ya isa ƙullutun adirinal da ke saman ƙoda, kotizol, wato homon ɗin damuwa, ya fito. Rawar hannu aikin wani homon ne, adirinalin, nan take yake zuwa. Kotizol kuwa sai bayan minti 20 zuwa 30 yake kai ƙololuwa, yana ƙara sukari a jini domin jiki ya samu ƙarfin gudu ko kare kai.

Tsarin yana da burki. Kotizol ɗin da kansa yana komawa ƙwaƙwalwa ya sa a rage sakin gulutamet a wannan gungu, komai ya lafa. Matsalar tana farawa idan damuwa ta ƙi ƙarewa. A gwajin da aka yi kan ɓerayen da aka daɗe ana takurawa, an ga hanyoyin gulutamet masu shiga ƙwayoyin CRH sun ƙaru, ƙarfin GABA ya ragu. A ɗakin binciken masanin ƙwaƙwalwa Bruce McEwen an ga rassan jijiya sun tsuke a hifokamfus, sashen tuna abubuwa wanda shi ma yake taya taka burkin, bayan mako 3 na takura. Da aka toshe mashigar NMDA, tsukewar ba ta faru ba. Duk sanda na tuna wannan, ƙanwata nake gani da wayarta a hannu.

A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da esketamin, mai toshe mashigar NMDA, ga masu ciwon baƙin ciki da sauran magunguna suka gagara. A asibiti kaɗai ake ba da shi, a gaban likita, kada wani ya ji suna ya tafi nema.

Roƙona, Edita, ku gayyato likitocin ƙwaƙwalwa su yi wa jama'a wannan bayani dalla-dalla. Ƙanwata ta fara ganin likita watan jiya, kuma da kaina na raka ta, domin kunya ta hana ta zuwa ita kaɗai.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya