Bajamushen jirgin nutso da ake ta yabo ga waya

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikata, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da yat tada gardama majalisarmu ta mai shayi nan Mabera, har shayina yah huce ban sha ba.

Wani ƙanenmu ne yaz zo da bidiyo ga waya irin wanda ake turawa WhatsApp, labarin wani kwamandan jirgin yaƙi mai nutso na Jamus, Werner Hartenstein, wai ya ceci mutane cikin teku lokacin yaƙin Hitila. Yaron har rantsuwa shikai wai wanga bature ya fi wasunmu tausayi, wani kuma yaɗ ɗora da cewa ai daman Jamusawa sharri anka yi musu. Nan ne nic ce a'a ku dakata, wanda yah haɗa bidiyon nan ya datse kai ya datse wutsiya ya ba ku tsakiya.

Shi dai Hartenstein an haife shi 1908 garin Plauen na Jamus, ya shiga sojan ruwa 1928, kuma sai 1941 yak koma jiragen nutso anka ba shi wani mai lamba U-156. Aikinshi ɗaya ne, nutsar da jiragen da ke kai ma Ingila abinci da mai da soja. Watan Fabrairu 1942 ya je har tsibirin Aruba can tekun Karibiyan ya harbi jiragen dakon mai, sannan yac ce a buɗe ma matatar man wuta da babbar bindigar saman jirgi, ashe an manta ba a cire toshin bakin bindigar ba, tai bindiga a hannunsu, mutum ɗaya ya mutu wani hafsa ya rasa ƙafa. Ka san mi sunka yi? Zarto sunka sa sunka yanke bakin da yal lalace sunka ci gaba da harbi da ita hakanan guntuwa. To irin mutumin ke nan, ba malamin asibiti ba ne.

Sai ranar 12 ga Satumba 1942 da dare, cikin tekun Atilantika tsakanin tsibirin Ascension da gaɓar Afirka ta Yamma, wato ruwan da ke maƙwabtaka da mu, yag ga wani ƙaton jirgin Ingila mai suna Laconia ya sakam mai tofido biyu, wato bam ɗin da ke gudu cikin ruwa. Mutum sama da 2,700 ke ciki, kusan 1,800 fursunonin yaƙi ne 'yan Italiya, ga sojan Ingila ga masu gadi 'yan Folan ga mata da yara. Da yawa cikin Italiyawan suna kulle can ƙasa, nan ruwa yat tarar da su. Da Hartenstein yat taso sama yaj ji ana kururuwa da Italiyanci sai cikinshi yad ɗuri ruwa, don Italiya ƙawar Jamus ce a wanga yaƙi. Wanga wuri ne bidiyon bai faɗi ba. Wanda yak kunna wutar shi ne yaz zo da bokiti.

Amma kuma gaskiya ɗaya ce, in na faɗi wancan dole in faɗi wanga. Da yaf fara tsamo mutane bai tsaya tantance wa ab Ba'italiye wa ad ɗan Ingila ba. Jirgin nashi tsawonshi bai kai filin ƙwallo ba, ciki kuwa matsattse ne kamar ka shiga tankar mai, ma'aikatanshi wajen 50 da kyar suke juyawa, amma ya loda mutum 193 ciki da bisa, ana ba su abinci mai zafi da ruwan sha, ga kwalekwalen ceto ɗaure da igiya shina jansu. Da asuba yas sa anka buga waya da Turanci, ba cikin yaren sirri ba, cewa duk jirgin da zai zo ceto ba zai taɓa shi ba muddin ba a taɓa shi ba, har da faɗin daidai inda shike. Ga jirgin da duk rayuwarshi ɓuya ce wanga kasada ce babba. 'Yan Ingila da ke Firitawun ta ƙasar Saliyo sun ji saƙon sunka ɗauka tarko ne. Wasu jiragen nutso biyu na Jamus da ɗaya na Italiya sunka zo sunka kama mai.

Ranar 16 ga wata wani jirgin saman Amurka daga Ascension yaz zo yag ga tutar Red Cross shimfiɗe bisa jirgin, yai shawagi yat tafi, anka ba shi oda daga ƙasa yad dawo yas saki bam, har ya samu kwalekwale mai cike da mutanen da anka ceto. Hartenstein ya sauke waɗanda ke wurinshi ya nutse ya tsira. Su kuwa matuƙan jirgin saman sunka koma sunka ce sun nutsar da shi, har lambar yabo anka ba su. Daga baya jiragen Faransa sunka kwashi saura, mutum wajen 1,100 sunka rayu, sama da 1,600 sun tafi. Kwana ɗaya bayan bam ɗin shugaban jiragen nutso na Jamus Karl Dönitz yah hana su sake tsayawa ceton kowa, odar da anka tuhume shi da ita kotun Nuremberg bayan yaƙi.

Shi kuwa gwarzon ƙanenmu, ranar 17 anka ba shi babbar lambar yabo, ranar 19 ya sake nutsar da wani jirgin Ingila. Jiragen da yan nutsar duka sun kai 20.

Abin da yas sa maganar ta tsaya min a rai Malam Edita, kakana na wajen uwa na cikin waɗanda anka ɗiba soja zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na uku, anka kai su Ikko anka zuba su jirgin ruwa sai Indiya sai Bama. Mutumin da iyakar ruwan da yas sani gulbin Rima ne, shi ma da rani ƙafa ake ƙetarawa. Muna yara shina ba mu labari bisa tabarma shina jan carbi, bai cika zancen daji da Jafanawa ba, zancen teku shikai, wai da dare ko taba ba a bari ka kunna, kuma kowa da rigar iyo ɗaure ga ƙirji shike kwana don an ce musu akwai wani jirgi ƙarƙashinsu da ba a gani. Mu dariya mukai muna ɗauka tatsuniya ce. Sai da na girma na gane irin su Hartenstein yake nufi, kuma da jirginsu yaf faɗo gaban irin wanga mutum da ba a haifi uwata ba balle ni in zauna ina gardama wurin mai shayi.

Ƙarshenshi ma bidiyon bai kawo ba. Ranar 8 ga Maris 1943 gabas da tsibirin Barbados wani jirgin saman sojan ruwan Amurka yar rutsa U-156 ya farfasa shi, mutum 53 ke ciki har da shi, shina da shekara 35. Matuƙan sun hango mutum biyar na iyo sunka jefa musu kwalekwalen roba, jirgin da anka aika ɗaukarsu ya je ya nema bai gan su ba.

Na ce ma ƙanen namu zan rubuto, yac ce in kun buga shi zai biya kuɗin shayin ranar. Don Allah a taimaka a buga.

Naku mai karatu kullum,
daga Mabera, Sakkwato.