Malaman 'Ya'yanmu Sun Cancanci Fiye da Tafi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon fili in yi magana kan malaman wata 'yar ƙaramar firamare ta cocin Katolika da ke garinmu, a yankin Malumfashi, kudancin Jihar Katsina. Zan sakaya sunanta, domin akwai zancen bashi a cikin wasiƙar nan, ba na kuma so a riƙa nuna kowa da baki a kasuwa. Ni tela ne, Musulmi. 'Ya'yana uku sun bi ta makarantar, autar tana aji huɗu yanzu. Ina cikin kwamitin kuɗi na ƙungiyar iyaye da malamai, don haka kowane zango sai na ga littafin waɗanda suka biya da waɗanda suka noƙe.

Duk ranar 5 ga Oktoba jaridu kan cika da saƙon gwamnoni na taya malamai murnar ranarsu ta duniya, a buga hoton wanda aka ba mota ko lambar yabo. Ba na yi wa kowa hassada. Amma irin malaman da nake magana a kansu, ko ƙurar wannan biki ba ta isa wurinsu. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022, wadda ta kai ritayar malami zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, ta masu fansho ce, namu kuwa ba su da shi. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, mu kuwa ko an haɗa da maigadi da mai shara ba mu doshi wannan adadi ba. Abin da malamar aji ɗaya ke ɗauka a wata bai kai rabin kuɗin nan ba, alhali da takardarta ta NCE a hannu.

Makarantar aji shida ce da rabin aji, sai ofishin shugabar makaranta, Sista ce ta coci, sai rijiyar burtsatse da rabin unguwa ke ɗibar ruwa a cikinta. Yaran gauraye suke: 'ya'yan 'yan'uwanmu Hausawa Kirista daga unguwannin da ke kewaye, 'ya'yan Ibo masu shagon magani da kayan gyaran babur, da 'ya'yanmu Musulmi. Ranar Juma'a ana tashi da wuri. Idan an shiga darasin addinin Kirista, namu sukan koma inuwar darbejiya da wani malamin Islamiyya da mu iyaye muke biya. Da Sallah tuwonmu yakan shiga gidajen malamai, da Kirsimeti shinkafarsu ta shigo namu. Idan an yi rasuwa a gidan wani yaro, malamin ajinsu kan jero ajin gaba ɗaya su je gaisuwa, ba a tambayar ko a maƙabartar wa za a kai mamacin.

Tela yana ganin abin da wasu ba sa gani, don tufa ba ta ɓoye sirrin aljihu. Malamin lissafi na aji shida yana da wata farar riga mai dogon hannu da yake sawa ranar Litinin. Ya kawo mini ita kwalar ta cinye, na farke na juya ta, cikin ya koma waje. Da wannan ɓangaren ma ya cinye, sai ya ce in yanko daga gindin rigar in yi sabuwar kwala, tunda gindin cikin wando yake shiga, ba mai gani. Haka aka yi. Yana zuwa aji a goge tsaf, takalmi na ƙyalli, yara na ganin malaminsu ɗan gayu ne. Wannan bawan Allah ne yake tsare 'yan aji shida bayan an tashi, yana yi musu bitar jarrabawar shiga sakandare har la'asar sakaliya, ko sisin kwabo bai taɓa nema ba. Babban ɗana lissafi ya gagare shi har aji biyar. A hannun malamin nan ya gane rabawa, da ƙwayar masara da marafan kwalba a kan benci. Yau shi ke yi mini lissafin yadi da kuɗin ɗinki a shago.

Malamar aji ɗaya kuwa da allura da zare a jakarta kullum. Maɓalli ya tsinke, ko wando ya yage a wurin wasa, kafin a tashi ta ɗinke, don kada yaro ya koma gida a dake shi. Wanda ya fi ƙarfin allura takan tattaro mini ranar Asabar in yi faci a keke, ta ce in rubuta a kanta. Na daina karɓa, ta daina kawowa, sai da muka shirya a kan za ta riƙa sayen zare. Ita ce ke wanke yaron da ya ɓata jikinsa, ita ce ta gano wata yarinya ba ta ganin allo sosai alhali a gida ana ce mata daƙiƙiya. Yaro kan shigo ajinta bai san riƙon fensir ba, ya fita yana haɗa baƙi da wasali. A ganina babu aikin da ya kai wannan wuya a duk makarantar, kuma shi ne aka fi rainawa, har ka ji ana cewa ai raino kawai take yi.

Sai kuma abin da suka jure. A 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu wata da watanni. Malamin gwamnati, ko da jinkiri, albashinsa na tafiya. Namu ba kuɗin makaranta, ba albashi. Ana buɗewa ba da jimawa ba, a Disamba, aka kwashe yara sama da 300 a sakandaren Ƙanƙara, aka sake rufewa. A Mayun 2021 'yan bindiga suka shiga gidan Fada, wato limamin coci, a Malumfashi, suka kashe limami ɗaya suka tafi da wani limamin. Bayan wannan, duk wanda ke kwana a harabar coci ya san da ransa yake caca. Wasu malamai 'yan Kudancin Kaduna da Binuwai sun tattara sun koma gida, ban kuma ga laifinsu ba. Waɗanda suka tsaya, a zaurukan mutane suka riƙa tara yara biyar-biyar, shida-shida, don kada karatu ya zube. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, malamin aji uku da ke zuwa daga ƙauye ya jingine babur ya koma keke, damina da rani.

To me muke saka musu da shi? Shekara da shekaru abin da muke yi shi ne ranar rabon sakamako a kafa rumfa, yara su yi waƙa da wasan kwaikwayo, matan Zumunta na coci su dafa shinkafa, shugaban iyaye ya karanta jawabi, a ba kowane malami faranti ko bokitin roba, a tafa. A ƙarshe wani ya tashi ya ce ladan malami yana wurin Allah. Gaskiya ne, yana can. Amma na lura masu saurin faɗin haka, sunayensu ne suka fi daɗewa a shafin bashi.

A nan nake so in yi wa iyaye 'yan'uwana magana ba kwana-kwana. Da yawanmu mun ɗauka Fada yana da wata taska da ake cika masa daga Roma. Wannan tunani yana da asali. Limaman da suka kafa mishan a wannan yanki a shekarun 1950 Turawan Amurka ne 'yan ɗariƙar Dominikan, suka zauna a Gusau suka bazu har Funtuwa da Malumfashi, kuma a lokacin taimako yana zuwa daga ƙasarsu. Wancan zamani ya wuce. Gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, ta zo da shirin firamare kyauta ga kowa, UPE, a 1976. Irin tamu daga baya jama'ar coci suka gina da bulo ɗai-ɗai. Yau cocin na 'yan ƙasa ne, har a 2023 aka yanke Katsina daga Sakkwato a tsarin cocin aka ba ta nata bishof, Gerald Mamman Musa, Bahaushe. Na ga littafin da idona: abin da iyaye suka biya shi ake rabawa albashi, a sayi alli da rajista, a gyara kwanon da iska ta yaye. Idan rabin iyaye ba su biya ba, rabin albashi ake bayarwa, Sista ta bi malamai da ban haƙuri.

Wanda ba shi da shi, ba da shi nake ba. Akwai zawarawa da waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, kuma makaranta tana ɗauke musu. Ina magana ne da wanda ake bi zango uku amma ya yi sabon babur, ko ya ƙara aure da kiɗa. Ina magana da ɗan'uwana Kirista da zai tsaya ranar godiyar kaka a coci ya sayi zakara ɗaya da kuɗin tunkiya don a kira sunansa a lasifika, ga takardar bashin makaranta a aljihunsa. Mu Musulmi ma da namu: ragon layya sai wanda ya fi na maƙwabci, kuɗin makaranta kuwa sai bayan Sallah, in an ce bayan Sallah a ce sai an sayar da waken suya.

Abin mamaki, ba haka muka gada ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san kuɗin Laraba. Ya san almajirai na yi wa malam noma, ana kai masa dami da kaka, ranar sauka a kai masa abin da ya sawwaƙa. Kakanninmu ba su taɓa barin mai koyar da 'ya'yansu ya kwana da yunwa ba. Da boko ya zo sai muka sallama wa gwamnati malami, muka zare hannu, har muka manta cewa akwai malamin da ba gwamnatin da ta san da zamansa.

Wannan ne ya sa bana muka gwada wani abu. Akwai fili bayan makaranta da ya daɗe ba a nomawa, muka roƙi Fada ya ba mu aro, muka kira gayya. Mai unguwa ya ba da shanun huɗa, wani dillalin hatsi da ke cin kasuwar Dandume ya ba da iri, masu dabbobi suka kawo takin gida a amalanke, muka yi karo-karo muka ƙara da na zamani. Ranar noman firi katikis, malamin coci, da ladanin masallacinmu kunya ɗaya suka kama, suna yi wa juna tsiya kan wanda ya fi tsufa. Mata suka kawo kunu da ɗanwake. Malamai suka fito da fartanyoyinsu, muka ce su koma inuwa, yau ba ranarsu ba ce. Malamin lissafi ya ƙi, sai da aka ba shi aikin rabon goro. Maimai bai samu jama'a kamar firi ba, don kowa na fama da tasa gonar, kuma gefen da ruwa ke kwanciya bai yi abin kirki ba. Duk da haka, da muka karye masara a Oktoba, kowane malami ya samu buhu, maigadi ma ya samu. Ba a yi jawabi ba. A kura muka ɗora muka bi su gida-gida.

Na sha magana a kan wannan. Wani abokina ya tare ni bayan sallar Isha ya ce, yanzu kai da gemunka kake yi wa 'yan mishan noma? Na ce masa bayan yaƙin Badar, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi koyar da yaran Madina rubutu a matsayin fansar wasu fursunoni, alhali ba Musulmi ba ne. Idan an ɗauki koyar da rubutu da wannan daraja daga wanda ya zo yaƙi, ina ga maƙwabcin da ke goge wa 'yata majina? Manyan 'ya'yana sun gama makarantar nan da sallarsu da karatunsu na Islamiyya, ba wanda ya taɓa ce musu su canza. Bai gamsu ba, amma ya yi shiru. Ɗansa ma a can yake, aji biyu.

Buhun masara ba albashi ba ne, ban kuma rubuto don a yabe mu ba. Akwai abin da ya rage a wuyan hukumar makarantar, kuma na faɗa a gaban Fada da Sista kafin in faɗa a nan. Malaman nan ba a biyan su a watan Agusta, wai ba a aiki, kamar ciki yana tafiya hutu. Da yawansu ba su da takardar ɗaukar aiki, ba abin da ake tara musu na tsufa. Wanda ya shekara goma sha yana koyarwa, ranar da ƙarfinsa ya ƙare addu'a kawai zai tafi da ita. Cocin da ke wa'azin haƙƙin ma'aikaci ya kamata ya fara daga harabarsa. Mun kawo shawarar a raba kuɗin shekara gida 12 maimakon 11, a kuma liƙa lissafin shiga da fita a allon sanarwa kowane zango, don mai cewa Fada na cin kuɗi ya je ya karanta. Sun karɓi ta biyun. Ta farkon an ce sai bashin da ke waje ya ragu, wato magana ta sake dawowa kanmu iyaye.

Ya Edita, roƙona gare ka shi ne, idan Oktoba ta zagayo ka turo wakilinka irin waɗannan ƙananan makarantu, na mishan da na Islamiyya da na unguwa, ya zauna da malamai ya tambaye su nawa suke ɗauka, yaushe rabon da a biya su cikakke. Ga masu unguwanni da ke da fili a kwance kusa da makaranta, gayya ba ta buƙatar izinin Abuja. Mu dai mun riga mun tsayar da magana cewa baɗi za mu raba gonar biyu, masara da waken suya, a sayar da waken a ajiye kuɗin don albashin Agusta. Taron iyaye na gaba Asabar ta farko ce bayan an dawo hutu, kuma kwamiti ya amince a karanta sunayen waɗanda ake bi fiye da zango biyu, ban da waɗanda aka yafe wa.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tela, uban yara,
daga yankin Malumfashi, Jihar Katsina.