Baƙin mai ba shi ne maganin gara a ɗakin katako ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu lambuna da masu gidajen gona, da ma waɗanda suka kafa ɗan ɗakin katako a bayan gida don ajiye fartanya da injin ban ruwa da buhunan taki, ko rumfar shan iska da yamma, a kan yadda ake barin waɗannan ɗakuna suna lalacewa tun ba a more su ba. Sana'ata kafinta ce, kuma mafi yawan gyaran da ake kirana in yi a irin waɗannan ɗakuna, da an kula tun wajen kafawa da bai taso ba.

Ɗakin katako daga ƙasa yake fara mutuwa, domin abokan gabarsa biyu, wato laima da gara, duk ta nan suke shigowa. Katakon da ya bushe sosai ba ya ruɓewa, sai ruwan da ke jikinsa ya haura kashi 20 cikin 100 sannan ruɓa take samun gindin zama, kuma babu inda yake shan ruwa irin haka kamar inda aka binne ginshiƙi a ƙasa ko aka jingina falanki da ita. Ita kuwa gara tana tafiya ne a ɓoye, ta gina ɗan siririn bututu na laka a jikin bango tana bi ta ciki, ta cinye cikin katako ta bar fatar waje da fentinta sumul. Mai ɗaki yana ganin komai lafiya, sai ranar da ya danna babban yatsansa a gindin ginshiƙi, yatsan ya nutse, busasshiyar laka ta zubo.

Saboda haka aikin farko shi ne a raba katako da ƙasa. A ɗora ɗakin a kan bulo ko kankare yadda katakon da ya fi kusa da ƙasa zai yi sama da ita da aƙalla inci 6, a shimfiɗa leda mai kauri ko ɗan gutsuren kwano tsakanin bulon da katakon, sannan a bar sararin a buɗe iska tana ratsawa, ido kuma yana iya kaiwa. Wannan sarari ba ya hana gara zuwa, amma yana tilasta mata fitowa fili inda za a ga bututunta a kankare shi. Abin takaici, da yawa daga cikinmu nan ne muke cusa itacen girki da tsofaffin kwalaye da karan dawa, wato mun shimfiɗa mata gada da hannunmu.

Na lura cewa matasa masu sha'awar ƙawata gida suna kwaikwayon ɗakunan lambu irin na Ingila da suke gani a hotuna, suna kuma bin shawarwarin can a kan yadda ake kula da su. Shawarwarin ba su da laifi a game da ruwa, sai dai ba sa maganar gara, domin ba su da ita. Wadda ta ɓulla a yankin Devon a 1994, hukumomin ƙasar sun yi ta fama da ita har zuwa 2021 kafin su bayyana cewa an ga bayanta. Mu da muke zaune kusa da suri, muke kuma ganin shinge yana dafifi a fitila bayan ruwan farko, ba za mu ɗauki tsarinsu yadda yake ba.

Yanzu sai babban dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami, wato baƙin mai. Al'ada ce da ta zama jiki a je wurin makanike a karɓo man da aka juye daga inji, wani ya haɗa da kalanzir, a shafe katako da shi, har a kwarara ragowar a ramin ginshiƙi. Ban musanta cewa yana korar ruwa na ɗan lokaci ba, kuma na san araharsa ce take jan mutane. To amma man nan ba ya shiga can cikin katako, a baya yake tsayawa, don haka da katakon ya tsage gara ta samu ƙofa. Ga shi cike da dattin inji da ƙarafa masu guba, kuma likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa yawan taɓa fata da shi yana iya jawo ciwon daji. A lambun da ake shuka salak da alayyafo da tumatir, inda rijiya take taku kaɗan daga ɗakin, duk ruwan saman da ya wanke bangon nan cikin ƙasar da muke ci daga gare ta yake gangarawa. Bayan haka, katakon da ya sha baƙin mai ba ya karɓar fenti, kuma idan gobara ta tashi a ɗakin da ake ajiye jarkar fetur ɗin injin ban ruwa, sai dai a tsaya daga nesa ana salati. Haka nan masu neman tsohon maganin nan Gamalin su sani cewa sinadarin da ke cikinsa yana cikin waɗanda yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm kan sinadarai masu guba ta haramta tun 2009.

Abin da ya fi shi ne a sayi maganin katako na ainihi irin su Solignum, a shafa a busasshen katako kafin a haɗa ɗakin, a kuma fi ba da ƙarfi a bakin da zarto ya yanka, domin ta nan katako ya fi zuƙar ruwa. Ƙafafun ginshiƙai gwamma a tsoma su a cikin bokiti su kwana suna sha. A sa safar hannu, a yi aikin a waje, a kuma hana yara matsowa.

Zaɓen katako ma tun a kasuwa ake yin sa. Wanda ya shiga 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ko kasuwar Katako ta Jos zai ga farin katako mai sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi, wanda ya dace da silin da kayan cikin ɗaki, amma idan aka sa shi a ginshiƙi an yi wa gara walima. Iroko da maɗaci sun fi juriya nesa ba kusa ba, su ma jan tsakiyarsu, ban da farin gefen da ke kusa da ɓawo. Magabatanmu sun san wannan ilimi, shi ya sa magina irin su Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, suka dogara da azarar giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi ɗakin duka da katako mai kyau ba, ya sa mai kyaun a ƙasa, ya yi sama da mai araha.

Rufi kuwa lokacin duba shi shi ne watan Afrilu. Hunturu yana busar da katako har ya tsuke, ƙusoshi su yi sako-sako, sai iskar farkon damina ta zo ta yaye kwanon gaba ɗaya. A bi ƙusa ɗaya bayan ɗaya, a sauya waɗanda suka yi tsatsa da masu hula, a buga su a kan tudun kwano ba a kwarinsa ba, a kuma tabbata bakin kwanon ya zarce bango da kamar ƙafa guda yadda ruwa ba zai riƙa bin jikin falanki ba. A sare reshen da ke gogar rufi, a haƙa 'yar hanyar ruwa a kewaye. Fenti ba a yin sa a watan Agusta, domin rufe laima ne a ciki. A bari sai kaka ta wuce katako ya bushe, a goge tsohon da sanfefa, sannan a shafa sabo. 'Yar tagar da aka rufe da raga a sama tana fitar da zafi da gumin da ke taruwa a ƙarƙashin kwano, wanda shi ne yake sa taki ya dunƙule, kayan aiki su yi tsatsa.

Ina roƙon malaman gona da shugabannin ƙungiyoyin kafintoci su riƙa faɗa wa jama'a maganar baƙin man nan a tarukansu, tun da su ne ake zuwa wurinsu neman shawara kafin a kafa ɗaki. Na gode da filin da aka ba ni.

Naku,
Wani kafinta mai karanta jaridarku,
daga Zariya.