Kun bar mu da fargabar daji, kun tafi gaishe-gaishe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na lafiya na daren Laraba ya ɓata min rai ƙwarai. Likita na tsakiyar bayani kan ciwon nan da garkuwar jiki ke juyowa ta ci bangon tumbi, ya ce bangon kan sirance, ƙwayoyinsa su rikiɗe su koma irin na hanji, kuma hakan na iya share wa ciwon daji fage. Yana furta "daji" mai gabatarwa ya tari numfashinsa wai lokaci ya ƙure, sai ga gaishe-gaishen 'yan biki. Haba jama'a!

Yayata na fama da wannan ciwo. Shekara da shekaru masu kemis na ce mata olsa ce, suna ɗirka mata omeprazole, maganin rage asid, alhali tumbin nata ya ma daina fitar da asid ɗin. Kullum jininta a ƙasa, harshenta ya yi sumul ja wur, tafin ƙafarta kamar ana tsira mata allura, har dangi suka fara zancen sammu. Sai da aka zura mata kyamara ta baki, aka gutsuro ɗan naman bangon aka auna, sannan aka gane. Yanzu allurar bitamin B12 ake mata, don tumbin ya daina samar da sinadarin da jiki ke buƙata kafin ya tsotsi bitamin ɗin daga abinci. Kuna rufe shirin ta kira ni cikin kuka, wai in zo ta bar min wasiyya.

Abin da kuka hana likita ƙarasawa shi ne yawancin masu wannan sauyi ba sa kamuwa da daji. Babbar mai jawo dajin tumbi ita ce ƙwayar cutar da ake kira H. pylori, wadda cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin masu haddasa shi tun 1994, ga shi ana gwajinta, ana kashe ta da magani na kamar mako biyu. Masu irin ciwon Yayata kuwa, ƙananan ƙari ne suka fi fito musu, masu tafiyar hawainiya, waɗanda sau da yawa ta hanyar kyamarar ake cirewa. Shi ya sa ake sake leƙa tumbin duk bayan shekara 3 zuwa 5. Wannan bayanin duk minti nawa zai ci? Ku dawo da likitan, ku bar shi ya kai aya.

Sannan don Allah ku daina sa kiɗa a ƙarƙashin sanarwar rasuwa. Ba ya dacewa ko kaɗan.

Mai sauraronku a kullum,
daga Gusau