Zuwa ga Autata

Auta,

Bayan gaisuwa, ya karatu? Mu nan Ƙaura Namoda lafiya lau, sai kewarki.

Yayanki ya ce bayan karatun tattalin arzikin da muka tura ki yi, kin ƙara wani ƙaramin fanni a gefe, na sanin kan intanet da ɗabi'un masu hulɗa a cikinta. Ban hana ba. Ni da na ga Gwaggonki ta ajiye maganin hawan jini saboda wata murya da aka turo mata ta WhatsApp, ai ba zan raina ilimin tantance gaskiya da ƙarya a waya ba. Kuma ban manta 2021 ba, da aka katse layukan waya a Zamfara, sai da Babanki ya je har Funtua kafin ya ji muryar Yayanki.

Amma bidiyon nan da kika ɗora a TikTok, wai aikin makaranta ne kan rayuwar karkara, shi ya hana ni barci. Sau uku na kalla a wayar maƙwabciyarmu. Ga ƙofar gidan Kakanki, ga rumbuna biyu cike, ga shanun noma a turke, har kika ambaci sunan ƙauyen da bakinki! Haba Auta. Wa kike nuna wa? Kin san mutanen daji ma suna riƙe da waya, kuma masu kai musu rahoto a cikinmu suke. Ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka ɗauke a Sabon Gida a 2023, sa'o'inki ne. Me ake koya muku, in ba a koya muku cewa abin da ya shiga intanet ya fita daga hannun mai shi ba? Ko an koya, ke ce ba ki ji?

Na san za ki ce Inna ta cika tsoro. Ni ɗin ce dai na tsaya kai da fata ranar da aka ce karatunki ya isa haka nan, kin kuma san abin da na haɗiye a kan hakan.

Ki sauke shi yau, ba gobe ba. Ki yi wa malaminku bayani cikin ladabi, zai fahimta. In dole sai da bidiyo, ki ɗauki hannuna ina kaɗa fura, ban da fuska, ban da sunan gari.

Na ba direba ƙuli-ƙuli da yajinki. In kin zo hutu ki zauna da Gwaggonki, ki nuna mata yadda ake gane saƙon ƙarya, ta fi jin maganarki. Allah Ya tsare mini ke, Ya yi miki albarka.

Innarki