Kafin Kirsimeti, Mu Ƙetare Gada Mu Gaida Tsofaffin Abokai

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan'uwana mabiya ɗariƙar Katolika a Kaduna game da lokacin da muka shiga, wanda muke kira Adbent, wato Lahadi huɗu na jiran zuwan Almasihu kafin Kirsimeti. A cocinmu lokaci ne na natsuwa da tuba: Fada, wato limamin cocinmu, yana sa tufafi masu launin shunayya, ana dakatar da waƙar Ɗaukaka ga Allah a ranakun Lahadi, ana kunna kyandir ɗaya kowane mako har su cika huɗu, ana kuma karanta Annabi Ishaya da wa'azin Yohanna Mai Baftisma. Damuwata ita ce duk wannan yana tsayawa a cikin katangar coci, domin da yawa daga cikinmu ba su da sauran aboki a wajenta da zai tambaye su ma'anarsa.

Makon jiya katekis ɗinmu, wato mai koyar da addini a coci, ya ba ni yadi mai launin shunayya in kai a ɗinka mayafin bagadi. Maimakon in ba telan unguwarmu a Sabon Tasha, sai na hau mota zuwa Kasuwar Barci wurin wani tela Musulmi da muka yi maƙwabtaka a Tudun Wada shekaru masu yawa, kafin rikicin shekarar 2000 ya sa na kwashe iyalina zuwa kudancin kogi. Ya shimfiɗa yadin a kan teburi, alli a hannunsa, ya dube ni ya ce, "Malam, ko rasuwa aka yi muku? Kowa yana kawo atamfar biki, kai kuma ka kawo wannan." Na bayyana masa cewa launin jira ne da gyaran zuciya, kuma a makonnin nan mukan je wurin Fada mu furta zunubanmu, mu nemi sulhu da waɗanda muka ɓata wa. Ya ajiye allin, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce bai taɓa sanin muna da wani shiri kafin sallarmu ba, shi a zatonsa shinkafa ce da sabon kaya kawai. Daga nan ya tuna mini cewa sura ta 19 a Alƙur'ani sunan Maryam take ɗauke da shi, muka shiga hirar haihuwar Yohanna, wanda su suke kira Annabi Yahaya, har shayin da ya aika aka kawo mana ya huce a cikin sanyin hunturu.

Ban ce masa ya bar addininsa ba, shi ma bai ce mini in bar nawa ba, kuma ban ɓoye masa cewa a wurinmu jaririn da Maryamu ta haifa, wato Yesu, Mai Ceto ne ba. Ya saurare ni ne saboda ya san ni tun 'ya'yanmu suna rarrafe a tsakar gida ɗaya. Da lasifika na ɗauka na tsaya a bakin shagonsa, da ko kallo ban ishe shi ba. Fafaroma Bulus na Shida ya rubuta a shekarar 1975 cewa mutanen wannan zamani sun fi sauraron masu shaida da halinsu fiye da masu koyarwa da baki, kuma tun a 1965 Majalisar Batikan ta Biyu, babban taron shugabannin cocin Katolika na duniya, ta umarce mu da girmama Musulmi da neman fahimtar juna. Dattawanmu ma ba su manta da zuwan Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu garin nan a watan Fabrairun 1982 ba, inda ya naɗa limaman coci ya kuma yi kira ga zaman tare.

Sai dai akwai gargaɗi, kuma ga masu zafin wa'azi a cikinmu nake yinsa. Wanda ya ƙulla abota domin kawai ya ja mutum zuwa coci, farauta yake yi, kuma mutumin Kaduna ba ya daɗewa bai gane tarko ba. Linjilar Luka ta ce Maryamu ta je wurin Alisabatu, mahaifiyar Yohanna, ta zauna da ita kamar wata uku, kuma ziyarar 'yar'uwa ce ga mai tsohon ciki. Haka ya kamata mu je wa abokanmu, har da Katolikan da suka daina zuwa coci saboda rashin aiki ko kunyar rashin kuɗin baikon da ake bayarwa a coci, waɗanda ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa tun Ista.

Ni dai ranar Alhamis zan koma karɓar ɗinkin, kuma mun riga mun yi magana cewa shi zai zo ya yanka mana akuyar Kirsimeti kamar yadda yake yi a da, domin iyalinsa su ci daga tukunyarmu ba tare da wani ɗar-ɗar ba.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Sabon Tasha, Kaduna.